Yadda Za Ka Riƙe Linzamin Sabuntawar Kwamfutarka: Tambayoyi da Amsoshi

Ka buɗe laftof saura minti goma ka tura aiki, sai ka tarar da ɗigo-ɗigo suna zagaye a allo, an rubuta kashi 30 cikin 100, ga gargaɗi a ƙasa wai kada ka kashe. Batiri na sauka, kai kuma ka zuba tagumi. Ko kuwa ka jona kwamfutar da hotsifot na wayarka, kafin ka ankara data ta ƙare ƙarƙaf. Yawancin masu neman hana kwamfuta sabunta kanta, ɗayan biyun nan ne ya cije su. Amsoshin sun fi karkata ga Windows 10 da 11, don a nan kukan ya fi yawa.

Wai me take saukewa ne haka ba dare ba rana?

Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gyaran wata-wata, wanda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da ta faro tun 2003. Shi ne ke toshe ɓarakar da masu kutse ke bi. Akwai babbar sabuntawa mai kawo sabon salo, wadda a Windows 11 sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ita ce mai cin data da lokaci. Sai ƙananan bayanai na Microsoft Defender, manhajar da ke farautar ƙwayoyin cuta, waɗanda kusan kullum suke shigowa ba ka ma sani ba. Ga kuma direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa firinta, sauti, allo da sauransu su yi aiki. Wanda ya ce zai toshe ƙofa gaba ɗaya, ba babbar kaɗai ya hana shiga ba.

Akwai maɓallin da zan danna in kashe ta kwata-kwata?

A Windows Home, wato nau'in da aka yi don amfanin gida, babu. A zamanin Windows 7 kana iya zaɓar kada a ma duba, amma tun fitowar Windows 10 a 2015 aka ɗauke wannan zaɓin. Abin da aka bar maka shi ne dakatarwa. Ka shiga Settings, ka je Windows Update, za ka ga inda aka rubuta Pause updates. Iyakarta mako biyar, wato kwana 35. In wa'adin ya cika, sai ka karɓi abin da ya taru kafin a sake ba ka damar dakatarwa. Bashi ne, ba yafewa ba. Amma ga mai jarrabawa, ko mai aikin da zai ɗauki makonni, ko matafiyi, kwana 35 ba kaɗan ba ne.

Ni data ce damuwata. Yaya zan yi?

Naka mai sauƙi ne, kuma a ganina nan ne saitin da ya fi kowane amfani. Windows ba ta san cewa Wi-Fi ɗin da ka jona na waya ne mai ƙididdigaggiyar data ba. A wurinta duk Wi-Fi kogi ne, sai ta sha ta ƙoshi. Kai za ka gaya mata. Ka shiga Settings, sashen Network & internet, ka danna sunan Wi-Fi ɗin, ka kunna Metered connection. Daga nan za ta riƙe mafi yawan abin da take saukewa sai ta samu wata hanyar. Ka lura da abu biyu. Na farko, saitin na kowane Wi-Fi daban ne, in ka canza waya ko sunan hotsifot sai ka sake. Na biyu, gyaran da aka ɗauka na gaggawa yana iya ratsowa duk da haka.

Akwai wani ɓoyayyen mai shan data da mutane ba su cika sani ba, sunansa Delivery Optimization, yana cikin Advanced options. Aikinsa shi ne kwamfutoci su riƙa raba wa juna gutsattsarin sabuntawa, ma'ana taka tana iya tura wa wasu abin da ta sauke. In kwamfuta ɗaya gare ka, kashe shi. In kuwa guda biyar ne a kan hanyar intanet ɗaya, bar shi tsakaninsu kawai, don ɗaya ta sauke sauran su ɗiba daga gare ta. A wurin kuma kana iya ƙayyade yawan gudun intanet da sabuntawa za ta riƙa ci, don kada ta shaƙe maka kiran bidiyo.

To wannan sake kunna kanta da take yi fa ina tsakiyar aiki?

Dalilinsa shi ne wasu fayilolin babbar manhaja ba sa musanyuwa muddin ana amfani da su, dole sai an kashe an kunna. Abin da za ka iya shi ne zaɓar lokaci. A Advanced options akwai Active hours, inda za ka sa sa'o'in aikinka, har zuwa sa'a 18 a rana. In ka sa daga 6 na safe zuwa 12 na dare, ba za ta sake kunna kanta a tsakanin ba. Ka kuma kunna sanarwar da ke gaya maka cewa ana jiran sake kunnawa, sai ka sa rana da sa'a da kanka. Wata ƙaramar ɗabi'a: in ka tashi aiki ka ga an ba ka zaɓin sabuntawa sannan a kashe, ɗauke shi, ka bar ta jone da wuta. Gara ta yi zagayen ɗigonta kana barci.

Na ga ana koyar da kashe Windows Update ta cikin services.msc, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage. Yana aiki?

Yana yi, na 'yan kwanaki. Akwai wata manhaja a ciki mai suna Windows Update Medic Service, wadda aikinta ke nan ta gyara abin da aka taɓa, sai ka wayi gari komai ya koma yadda yake. Daga nan wasu ke zarcewa zuwa sauke ƙananan manhajojin toshewa daga shafukan da ba a san asalinsu ba. Nan kam ban goyi baya ba. Irin wannan manhaja sai ka ba ta cikakken iko a kan kwamfutarka kafin ta yi aiki. Garin gudun gara ka faɗa gidan zago. Ko ta kirki ce, takan lalata Microsoft Store da sabuntawar Defender, kuma bayan wata shida ka manta ma ka sa ta.

Masu Windows Pro fa?

Su an sakar musu mara. Danna maɓallin Windows da R, rubuta gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, har zuwa Windows Update, ka nemo Configure Automatic Updates. Zaɓi na 2 yana sa a sanar da kai kafin a sauke komai. A nan kuma ana iya jinkirta babbar sabuntawa har kwana 365, gyaran wata-wata kuma har kwana 30. In kwamfutar ta wurin aiki ce kuma ka ga saitin a kulle, masu kula da ita ne suka yi, su za ka yi wa magana.

In na yi nasarar hanawa gaba ɗaya, me zai same ni? Ai kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Ƙalau take har ranar da ba ƙalau ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke raba fayil. Wata biyu bayan nan, a watan Mayu, ƙwayar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa. Asibitocin Ingila da dama sai da suka soke ganin marasa lafiya. Maganin yana nan tun kafin cutar ta ɓulla, waɗanda ba su sha ba su ta kama. Wani abin kuma, da zarar an fitar da gyara, masu kutse kan zauna su nazarce shi su gano ramin da aka toshe, sannan su shiga farautar waɗanda ba su toshe ba. Wato jinkirin mako ɗaya ko biyu daban, na shekara daban.

In kwamfutar ba ta taɓa hawa intanet, misali wadda aka ajiye don tuƙa wata tsohuwar na'ura, lissafin ya canza. Sai dai a kula da filashin da ake soka mata.

Amma ai sabuntawar ma tana ɓata kwamfuta.

Gaskiya ne, tsoron ba na banza ba ne. A watan Oktoba na 2018 babbar sabuntawar Windows 10 ta goge wa wasu fayilolinsu, har kamfanin ya janye ta na ɗan lokaci. Shi ya sa nake ganin hikima ce a bar babbar sabuntawa ta yi 'yan makonni a hannun wasu tukuna, kuma a kwafe muhimman fayiloli a wani wuri kafin a karɓe ta. In gyaran wata ne ya kawo matsala, je Update history ka cire shi ta Uninstall updates. In babbar ce, kana da kwana 10 ka koma tsohuwar ta sashen Recovery. Kada ka goge jakar Windows.old a cikin kwanakin nan don neman fili, ita ce hanyar komawar.

Ina kan Windows 10. Har yanzu zancen ya shafe ni?

Ya shafe ka, amma ta bayan gida. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ta kuma buɗe wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Wanda bai shiga ba, abin da ya daɗe yana nema ya samu, gyaran wata-wata ya daina zuwa. Yanzu tambayarsa ita ce ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11, wadda ke buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0.

Mac da Linux fa?

Su ba a kokawa da su. A Mac, shiga System Settings, General, Software Update, za ka ga maɓallai daban-daban na saukewa da na girkawa. Kashe na girka sabon macOS in ka so, amma ka bar na gyaran tsaro a kunne. A Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, Software & Updates zai ba ka zaɓin sau nawa za a duba da abin da za a yi in an samu gyaran tsaro. Manhajojin snap, wato waɗanda aka girka ta tsarin Ubuntu mai wannan suna, su ne kawai ke sabunta kansu ta wata hanya daban, su kuma umarnin snap refresh --hold yana tsayar da su.