Tsimi da Tanadi a Hidimar Gida

Tsimi da tanadi a hidimar gida shi ne tafiyar da al'amuran iyali ta yadda abin da ke hannu zai biya buƙata ba tare da an tauye ci ko sutura ba. Ya fi bayyana a girkin gida, da gyaran tufafin da suka yage, da ƙananan ɗinke-ɗinken da ba sai an kai wa tela ba. Ya sha bamban da rowa, domin marowaci kansa da iyalinsa yake hanawa, mai tsimi kuwa asara yake tarewa. Mafi yawan rarar da ake samu ma ba daga sayen kayan araha take fitowa ba, daga tsawaita amfanin abin da aka riga aka saya ne.

Girki

A 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa iya ƙarancin samun iyali, iya girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Shi ya sa tsimi ke farawa daga murhu. Wanda ya sayi dafaffen abinci a waje ba kuɗin kayan haɗi kawai ya biya ba, har da ladan mai dafawa da hayar wuri da ribar mai sayarwa.

Sai dai girkin gida ma yana da tasa ɓarakar. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an zubar da abinci kimanin tan biliyan 1.05 a 2022, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wannan asara a gidaje aka yi ta. Dalilan sanannu ne: cefane ba tare da duba abin da ya rage ba, dafa fiye da abin da za a ci, da mantuwa da abin da aka tura can ƙuryar firji. Sayen sari yana da sauƙi, amma ga kayan da ke jure ajiya kamar hatsi da wake da mai. Wanda ya sayi ganye ko 'ya'yan itace da yawa don ya ga araha, rabi ya ruɓe, ya ninka wa kansa farashi ne bai sani ba.

Ragowar abinci na buƙatar kula, don tsimin da zai kai mutum asibiti ba tsimi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, a sanya shi inda sanyi bai haura digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ba, sannan a ɗumama shi sosai kafin a ci. Shinkafa ta fi son a kiyaye, domin akwai wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, idan kuma ta samu ɗumi ta yaɗu, gubar da take bari ba ta mutuwa da ɗumamawa.

Ta fuskar makamashi, rufe tukunya da jiƙa wake tun dare suna rage wuta sosai. Akwai kuma tsohuwar dabarar da aka yi amfani da ita a Turai lokacin yaƙe-yaƙen duniya: idan tukunya ta tafasa sai a sauke ta a rufe, a cusa ta cikin akwati mai cike da busasshiyar ciyawa ko a naɗe ta da bargo, zafin da ke ciki ya ƙarasa dafuwar.

Faci da gyara

A nan ne ɗan ƙoƙari ke jawo babbar riba. Allura da zare da almakashi da 'yan maɓallai sun isa yawancin gyaran gida. Tufa ba ta mutuwa gaba ɗaya lokaci guda. Gwiwar wando ce ke fara siɗewa, ko bakin aljihu, ko hammatar riga, ko dunduniyar safa, sauran jikin kuwa lafiya lau. Idan aka tari wurin tun yana shara-shara, kafin ya huje, aikin minti goma ne.

Ɗinkin da ya warware a kan layinsa shi ne mafi sauƙi: a juya rigar, a bi ramukan tsohon ɗinkin, allura tana ɗan komawa baya kowane taku don ya yi ƙarfi, a zarce kaɗan daga inda ya warware kafin a ƙulle. Faci ya fi son hankali. Ƙyallen da za a ɗora ya zama mai kauri daidai da na tufar, ya kuma fi hujin faɗi ta kowane gefe, don ɗinkin ya zauna a kan wuri mai ƙwari. Idan sabo ne a fara wanke shi, in ba haka ba zai tsuke a wankin farko ya ja tsohon yadin ya ƙara yaga shi. Safa da kayan saƙa ba a yi musu faci. Ana cusa wani abu mai santsi a ciki don hujin ya miƙe, a jera zare a tsaye, sannan a ratsa da wani a kwance sama da ƙasa, har a saƙa sabon ƙyalle a gurbin wanda ya cinye.

Tsofaffin dabaru biyu sun cancanci ambato. Zanin gado tsakiyarsa ke fara mutuwa, don haka akan raba shi biyu a tsaye, a haɗa gefunan masu ƙwari su koma tsakiya, a yi wa sababbin bakunan kalmasa. Kwalar riga kuma idan ta goge, akan farke ta a juya bayanta ya dawo gaba.

Lokutan ƙunci su suka fi raya wannan fasaha. Biritaniya ta taƙaita sayen tufafi daga 1941 zuwa 1949, inda aka fara da bai wa kowane baligi takardun izini 66 a shekara, kuma a 1943 gwamnati ta fitar da ɗan littafin Make Do and Mend mai koyar da faci da sake fasalin tsofaffin kaya. A Amurka, zamanin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930, matan karkara sun riƙa ɗinka riguna da buhunan fulawa da na abincin dabbobi, har kamfanoni suka fara buga wa buhunan zanen furanni don jawo ciniki. Manoman arewacin Japan kuwa sun yi ta ɗora faci bisa faci da ƙananan ɗinki a jere, tufa ɗaya ta ratsa kaka da jika. Irin waɗannan tufafi, da ake kira boro, yau a gidajen adana kayan tarihi ake nuna su.

Ɗinkin gida

Keken ɗinki ya sauya lissafin gida a ƙarni na 19. Elias Howe ya yi rajistar nasa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, kuma sayarwa bisa biya kaɗan-kaɗan da kamfanin Singer ya shigo da ita ta sa keken ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Na tsawon zamani, ɗinka wa iyali kaya a gida ya fi sayen ɗinkakku sauƙi.

Yau abin ba haka yake ba ko'ina. Masana'antu da kasuwar gwanjo sun karya farashin ɗinkakkun kaya, har yadin riga kaɗai kan fi rigar tsada. Inda ɗinkin gida ke da riba har yanzu shi ne aikin miƙaƙƙen layi, kamar labule da rigar matashi da jakar cefane, sai rage tsawon wando, sauya zif, da mai da rigar babba ta zama ta yaro. Araha dai ba ta ado: rigar da aka saya da rahusa ta mutu a wanki biyar ta fi mai tsadar da ta shekara uku cin kuɗi.

Akwai kuma farashin da ba a cika sawa a lissafi ba, wato lokaci. Yawancin wannan aiki mata ke yin sa ba lada, kuma mai fita aiki tun safe ba lalle ya samu awa biyun cike safa ba. Wannan ya sa gyara ya fara fita daga gida zuwa cikin jama'a. A 2009 aka buɗe Repair Café na farko a Amsterdam, inda 'yan sa-kai ke taya mutane gyaran kayansu kyauta, kuma tun 2023 Faransa ke rage wa masu kai tufafi da takalma wurin gyara tsakanin yuro 6 zuwa 25 a kan kowane aiki.