Horarwa a kan jinya ta hanyar labari

Jinya ta hanyar labari hanya ce ta taimakon mutanen da ke cikin damuwa ta hanyar yin hira da su. Ta ginu a kan ra'ayin cewa mutum yana fahimtar kansa ne ta labarin da yake ba kansa da kuma wanda jama'a ke bayarwa a kansa, kuma idan labarin matsala ya yi ƙarfi yakan danne sauran. Horarwa a kanta takan shafi masu ba da shawara, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da masana halayyar ɗan Adam, da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Galibi mutum yakan zo da sana'arsa a hannu, horon ya zama ƙari a kan abin da ya riga ya karanta.

Asali

Mutum biyu ake danganta wa wannan hanya. Na farko Michael White, ma'aikacin jin daɗin jama'a da aka haifa a Adelaide ta ƙasar Ostireliya a 1948. Na biyu David Epston, haifaffen Kanada a 1944, wanda ya karanta ilimin al'adun ɗan Adam kuma ya zauna a Auckland ta Niyu Zilan. Sun haɗu a wajajen farkon shekarun 1980, lokacin da jinyar iyali ke tashe. A 1983 aka buɗe cibiyar Dulwich a Adelaide, inda White da matarsa Cheryl White suka yi aiki, kuma har yanzu ita ce uwar wannan karatu. Littafin White da Epston na 1990, Narrative Means to Therapeutic Ends, shi ya fitar da hanyar zuwa Amurka da Turai.

Dabarar da ta fi shahara, wato raba mutum da matsalarsa, daga ɗakin kula da yara ta fito. White ya yi aiki da yaran da ke yin bayan gida a wando bayan sun wuce shekarun haka, iyaye sun gaji, yaro ya cika da kunya. Sai ya raɗa wa matsalar suna na raha mai nufin kashi mai sanɗa, ya riƙa tambayar yaro yadda wannan maƙiyi ke yaudararsa da lokutan da yaron ya ci galaba a kansa. Iyaye da yaro suka koma ɓangare guda. Ya rubuta wannan a 1984, kuma daga nan aka samo kalamin da kowane ɗalibi ke ji a ranar farko: mutum ba shi ne matsalar ba, matsalar ita ce matsalar.

White mai yawan karatu ne, ya kuma aro daga wurare da dama. Daga Michel Foucault, masanin falsafa na Faransa, ya ɗauko batun yadda mutane ke auna kansu da ma'aunin "daidai" da al'umma ta kafa. Daga Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya ɗauko cewa labari yana da fuska biyu, abin da ya faru da kuma ma'anar da aka ba shi. Daga Barbara Myerhoff, wadda ta yi nazarin tsofaffin Yahudawa a Venice ta jihar Kalifoniya, ya ɗauko ba da labari a gaban shaidu. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga rubuce-rubucen Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam na Rasha. Littafin White na 2007, Maps of Narrative Practice, ya tsara dabarun a matsayin taswirori, kuma shi aka fi koyarwa da shi. Ya rasu a watan Afrilu na 2008 a San Diego.

Abin da ake koyarwa

Kusan dukkan horon koyon tambaya ne. Darasin farko shi ne raba mutum da matsalarsa a cikin magana. Idan mace ta ce ita matsoraciya ce, ana koya wa ɗalibi ya tambaye ta yaushe tsoro ya fara zuwa mata, me yake raɗa mata a kunne, me ya hana ta yi, shin ta yarda da wannan iko nasa, kuma don me. Tambayar ƙarshe ita ta fi wuya ga sabon shiga, domin nan ne mutum ke faɗin abin da ke da daraja a wurinsa, ɗalibi kuwa yakan yi hanzarin amsa masa. Sunan matsalar ma daga bakin mai ita ake son ya fito, da kalmominsa, ko da sun saɓa da sunan da ke cikin littafin likita.

Daga nan sai neman lokutan da matsalar ba ta yi nasara ba, komai ƙanƙantarsu. Ranar da matar nan ta ɗaga waya duk da tsoro, ana tsayawa a kanta: wa ya gani, yaya ta shirya, wa ya san ta tun tana ƙarama da ba zai yi mamaki ba. Da irin waɗannan zare ake saƙa labari na biyu. Akwai kuma hira kan mutanen da mutum ke so su kasance kusa a rayuwarsa, rayayyu da matattu, da waɗanda yake so ya rage wa maganarsu nauyi. Epston ya shahara da rubuta wa mutane wasiƙa bayan zama, da kalmominsu, don haka rubutun wasiƙa ma darasi ne.

Shaidun waje, wato mutanen da ake gayyata su saurari labarin mutum sannan su mayar da martani, suna da tsari mai matakai huɗu: su faɗi kalmar da ta ja hankalinsu, da hoton da ta kawo musu a zuci, da abin da ta taɓa a rayuwarsu, da inda sauraron ya kai su. Ba a yarda su yaba ko su ba da shawara ba, abin da ke ba ƙwararru wahala fiye da yadda suke zato.

Yadda ake horarwa

Ɗalibai kan yi wa juna hira bibbiyu, wani lokaci ɗaya ya zama matsalar kanta a yi masa tambayoyi. Sukan naɗi zamansu da izinin wanda suka yi wa aiki, su rubuta shi kalma da kalma, su zauna da mai duba aiki a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Matsayin da ake nema shi ne mai jinya ya yi tasiri ba tare da ya zama tsakiyar zance ba.

Horon yakan kama daga bita ta 'yan kwanaki zuwa shiri na shekara guda. Jami'ar Melbourne tare da Dulwich sun fara digiri na biyu a wannan fanni a 2014. Jill Freedman da Gene Combs suna koyarwa a Evanston ta Amurka, Stephen Madigan kuma ya kafa makaranta a Vancouver. Shaidar kammala irin wannan horo ba ta zama lasisin aiki. Lasisi yana hannun hukumar sana'ar mutum a ƙasarsa.

Aiki da jama'a

Wani reshe ya fita daga ɗakin hira zuwa taron jama'a. Mafi yaɗuwa shi ne Bishiyar Rayuwa, wadda Ncazelo Ncube 'yar Zimbabuwe da David Denborough na cibiyar Dulwich suka tsara a wajajen 2006 domin yaran da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu a kudancin Afirka. Yaro yakan zana bishiya: saiwa asalinsa, gangar jiki ƙwarewarsa, rassa burinsa, ganye mutanensa, 'ya'yan itace kyaututtukan da ya samu. Sai an haɗa zanen kowa ya zama daji kafin a yi maganar guguwa, wato wahalhalun da ke afka wa yaran.

Suka

Masu suka sun ce binciken da ke tabbatar da amfanin hanyar bai kai na jinyar gyaran tunani da ɗabi'a yawa ba, kuma yawancinsa a kan mutane kaɗan aka yi. Wasu sun ce harshenta yana da nauyi, wasu kuma cewa ta rage kula da alaƙar iyali. Ana yawan rikita ta da jinyar masu raunin zuciya sakamakon yaƙi da Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert suka tsara a Jamus, wadda ita ma ke amfani da labarin rayuwa, amma tushenta da horonta daban ne.