Kulawar Yau da Kullum ga Motocin Gudu na Hannu

Motar gudu ita ce wadda aka ƙera domin ta fi motar zirga-zirga ƙarfi da sauri, ko dai ta hanyar injin da ke juyawa da sauri ƙwarai, ko wanda aka haɗa masa turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa domin ta ƙara tura iska cikin injin, sannan aka ba ta birki mai faɗi, tayoyi masu kama ƙasa da ƙafafu masu tauri. A cikin wannan rukuni akwai motocin AMG, kamfanin da Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher suka kafa a Jamus a 1967 kafin ya koma ƙarƙashin Mercedes-Benz, da na sashen M na BMW da aka buɗe a 1972, da Golf GTI da ta fito a 1976, da Porsche 911, da Audi RS, har da manyan motoci irin su Porsche Cayenne da ta shigo kasuwa a 2002. Kulawar yau da kullum kuwa ita ce canza mai, ruwa, filtoci da sassan da ke cinyewa a kan lokacinsu, tun motar ba ta nuna alamar ciwo ba. Kowace mota tana buƙatar haka, amma ga motar gudu da ta riga ta ci shekaru a hannun wasu, wannan kulawa ce ke raba tsakanin motar da ke kan titi da wadda aka ɗora a kan bulo a bayan garaji.

Yadda suke isowa Nijar

Nijar ba ta da teku, don haka motocin hannu da ake gani a wuraren sayar da motoci na Yamai sun sauka ne a tashoshin jiragen ruwa na maƙwabta. Shekaru da dama Kwatano ce babbar ƙofa, har sunanta ya bi motocin, amma tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari sun zo Afirka. Motocin gudu kaɗan ne a cikinsu, amma suna jan ido, domin motar da a sabuwarta sai attajiri, bayan shekara goma sha biyar farashinta yakan faɗi har matsakaicin ɗan kasuwa ya iya saya.

Abin da mai saye ya kamata ya sani tun farko shi ne kuɗin saye ne kawai ya sauka. Kuɗin buji, faifan birki, taya da man injin suna nan yadda suke ga mai ita na farko, wani lokaci ma sun ƙaru saboda nisan da kayan za su yi kafin su iso. Sau da yawa kuma wanda ya sayar da motar a Turai ya rabu da ita ne daidai lokacin da babban gyara ya gabato. Ga matsalar rage lissafin kilomita, wadda ta sa Beljiyam ta wajabta takardar Car-Pass tun 2006 domin a riƙa rubuta kilomitar mota a duk lokacin da ta shiga garaji. Saboda haka, motar da ta iso ba tare da littafin kulawa da rasitai ba, abin da ya dace shi ne a ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba: a zubar da duk wani mai da ruwa da ke jikinta, a sa sabo, a fara lissafi daga ranar.

Man injin da turbo

A nan ne maganar ta fi nauyi. A cikin injin, sandar fistan ba ta taɓa karanshaf kai tsaye. Tsakaninsu akwai wani siririn ɓawon ƙarfe mai laushi, kuma tsakanin ɓawon da karanshaf akwai shimfiɗar mai da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wannan shimfiɗa ce ke ɗauke da duk bugun da fashewar fetur ke yi. Injin motar zirga-zirga ba kasafai yake wuce juyi 3,000 a minti ɗaya ba, amma injin V8 na BMW M3 da aka yi tsakanin 2007 da 2013 yana ba da cikakken ƙarfinsa na doki 420 ne a juyi 8,300. A irin wannan sauri, idan mai ya tsinke ko ya yi datti na ɗan lokaci kaɗan, ƙarfe ya taɓa ƙarfe ke nan, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Shi ya sa kowane kamfani yake ƙayyade irin man da injinsa ke sha. Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-40 ko 10W-60, suna nuna kaurin mai ne: ta farko lokacin sanyi, ta biyu lokacin da injin ya ɗau zafi. Wancan injin M3 da na V10 na M5 an ƙayyade musu 10W-60, alhali wasu injunan zamani masu turbo suna buƙatar mai mara kauri domin ya ratsa ƙananan hanyoyi da sauri. Ra'ayin da ya yaɗu a garaji cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri, don haka a ɗura wa kowace mota 20W-50, ya dace da tsofaffin injuna, amma yana iya hana na'urar daidaita bawul aiki a injin zamani. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar ganga a bakin titi kuwa bai kamata ya kusanci irin wannan injin ba ko kaɗan.

Wasu kamfanonin Turai suna ba da damar a yi har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin juyen mai. An tsara wannan ne don manyan hanyoyi masu santsi, iska mara ƙura da fetur mai tsafta. Littattafan motocin da kansu suna da wani jadawali na daban domin abin da suke kira yanayi mai tsanani, wato zafi, ƙura, gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayuwa cikin cunkoso, inda akan rage tazarar da kusan rabi. Wanda ke tuƙi a Yamai ko Tawa kullum cikin wannan yanayi yake, kuma mai hankali zai rage fiye da haka.

Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke tura shi kuma yakan haura digiri 900 a injin fetur. Man injin ne ke shafa shi, shi ne kuma ke kwashe masa zafi. Idan direba ya taso daga Doso da gudu ya iso Yamai ya kashe mota nan take, man da ya rage cikin turbo zai tsaya cik ya ƙone, ya zama baƙin dasƙari mai toshe bututun da ke kawo mai. Barin injin ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu, ko sassauta gudu a ƙarshen tafiya, ya isa ya hana wannan. Haka nan da safe, ba a taka mota da ƙarfi sai man ya ɗumama, kuma mai yakan yi jinkirin ɗumama fiye da ruwan lagireto.

Zafi, ƙura da fetur

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40. Motar gudu tana haifar da zafi mai yawa a cikin matsattsen wuri, kuma sassa da dama na hanyar ruwanta roba ce da leda, waɗanda tsufa ke busarwa har su tsage. Ruwan sanyaya injin da aka gauraya rabi da rabi da maganinsa, idan murfin lagireto na riƙe matsi, ba ya tafasa sai ya wuce digiri 120, sannan yana hana tsatsa. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin dasƙari irin wanda ake gani a gindin butar shayi, kuma a hankali yake toshe siraran hanyoyin lagireto. Akwai kuma al'adar cire abin da ke daidaita zafin ruwa da sunan wai mota ta zo ƙasa mai zafi. Wannan ɓarna ce: kwamfutar motar za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke jikin silinda ya gangara cikin mai. Injunan nan galibi na alminiyom ne, kuma zafi sau ɗaya tak na iya lanƙwasa kan injin.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Filtar iska da a Jamus za ta yi shekaru, a nan wata kaɗan take cika, musamman ga mai bin hanyoyin jar ƙasa na unguwanni. Hura ta da iska mai ƙarfi a wurin mai faci yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani, yashi ya samu hanya, ya ci fikafikan turbo da zoben fistan. Canza ta ya fi. Da damina, motar gudu gajeriya ce kuma wasu suna shaƙar iska ta ƙasa, don haka shiga ruwan da ya kwanta a titi na iya sa injin ya zuƙi ruwa; ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistan ta karye.

Yawancin waɗannan injuna an tsara su ne don fetur mai lamba 95 ko 98, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya fashe. Idan lambar ta gaza, fetur na fashewa tun lokacinsa bai yi ba, sai na'urar da ke sauraren bugun injin ta ja da baya, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Nijar tana tace nata man a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, kuma saye a gidan mai amintacce ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa, wanda rana ta gasa, ƙura ta shiga, wani lokaci kuma an gauraya shi. Famfon fetur mai matsi da allurar injin zamani ba sa jure ko ƙwayar yashi.

Birki da tayoyi

Ruwan birki yana tsotse laima daga iska. Sabon ruwa mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha laima kusan kashi huɗu cikin ɗari, ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155. Idan ya tafasa, ƙafar direba za ta tafi har ƙasa babu kamu. Ana canza shi duk shekara biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta ɗauka: V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Tayar hannu mai zane mai kyau amma ta shekara takwas ta riga ta bushe, kuma kwalta mai zafi tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni ba ta raga wa irinta. Tafiyar Yamai zuwa Tawa kimanin kilomita 550 ce, da ramuka da dabbobi masu tsallaka hanya, kuma tayar motar gudu siririn gefe gare ta, rami ɗaya na iya kumbura ta ko ya lanƙwasa ƙarfenta. Ana auna iska ne da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Raunin da aka san wasu injuna da shi

Bayan kulawar da ta shafi kowa, kusan kowane samfuri yana da wurin da ya saba ciwo, kuma saninsa wani ɓangare ne na kulawa. Masu M3 da M5 ɗin da aka ambata sukan canza ɓawon sandar fistan tun bai gaza ba. Porsche 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an san su da wani boris da ke kan sandar tsakiya ta injin, wanda idan ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Cayenne ta farko mai V8 ta zo da bututun ruwa na leda a tsakiyar injin, wanda daga baya aka maye gurbinsa da na alminiyom. Giyar DSG mai kuloci biyu cikin mai, wadda ke jikin Golf GTI da wasu Audi, tana son sabon mai da filta duk kilomita 60,000. Injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuma sukan tara baƙin kunkunniya a bayan bawul ɗin shigar iska, tun da fetur ba ya bi ta wurin balle ya wanke.

Makanike da rubutu

Tun 1996 a Amurka, da 2001 ga motocin fetur a Turai, doka ta sa kowace mota ta zo da mahaɗar da ake jona na'urar bincike. Fitilar injin da ta kama a gaban direba saƙo ne da na'ura za ta karanta, kuma cire ƙwan ko goge saƙon ba tare da gyara ba bai kawar da ciwon ba. Makanikan Yamai da Tawa suna da basirar hannu da ta sa tsofaffin Toyota da Peugeot ke ta aiki shekara da shekaru, amma motar gudu tana neman ƙari a kan haka: na'urar da ta san yaren kwamfutar samfurin, sifana mai auna ƙarfin ɗaure noti, da haƙurin jiran kayan asali su iso maimakon a sa makamancinsu. Mai mota a Tawa, inda irin waɗannan kaya ba su cika samuwa ba, yana da kyau ya ajiye filtoci, buji, bel da galan na mansa tun kafin buƙata ta taso.

Duk aikin da aka yi a rubuta kwanan wata, kilomita, sunan mai da lambar kayan da aka sa, a haɗa da rasit. Wannan rubutu ne zai nuna idan injin ya fara shan mai fiye da da, shi zai hana a maimaita aikin da aka riga aka biya, kuma ranar sayarwa shi ne hujjar da mai saye zai iya dubawa. Motar da ba a hawa sai ranar biki ita ma a rubuta mata, domin batir na mutuwa da wuri a zafi, fetur na lalacewa cikin tanki bayan ƴan watanni, kuma wa'adin mai da na ruwan birki da wata ake ƙirga shi, ba da kilomita kaɗai ba.