Kamfanonin Mai na Ƙasashen Waje a Sudan

Kamfanonin waje ne suka gano man fetur ɗin Sudan, su suka haƙo shi, su suka shimfiɗa bututun fitar da shi. Kafin ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, gwamnatin Khartum ke ba su lasisi, tana yanka ƙasa filaye masu lamba, alhali mafi yawan rijiyoyin suna Kudu ne ko a bakin iyakarta, inda ikon gwamnatin bai taɓa zama da gindinsa ba.

Kamfanin Chevron na Amurka ne ya fara dacewa, a ƙarshen shekarun 1970, a yankin Muglad da Bentiu. Yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a 1983. A watan Fabrairun 1984 'yan tawaye suka kashe ma'aikatansa uku a Rubkona, ya tsayar da aiki, ya sayar da haƙƙinsa a 1992.

Daga nan harkar ta koma hannun Asiya. A haɗakar kamfanonin haƙar mai da ake kira GNPOC, kamfanin CNPC na Sin ya riƙe kashi 40 cikin ɗari, Petronas na Malesiya 30, Sudapet na gwamnati 5, saura 25 kuma na Arakis na Kanada, wanda Talisman ya saye a 1998. Su suka ja bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600 daga Heglig zuwa gaɓar Bahar Maliya kusa da Fot Sudan, aka fara lodin mai a 1999. Shekarun nan su ne mafi muni ga ƙabilun Nuwer da Dinka mazauna filayen, domin an ƙone ƙauyuka an kori jama'a don a share wa rijiyoyi hanya. Suka ta yi wa Talisman yawa, ya sayar wa ONGC na Indiya kasonsa a 2003. A 2023 aka fara shari'ar tsofaffin shugabanni biyu na Lundin, wani kamfanin mai da ya yi aiki a yankin, a Suwidin, bisa zargin hannu a laifukan yaƙi, zargin da suka musanta.

Rikicin fili mai lamba B a Jonglei shi ya fi nuna yadda lasisi yake a ƙasa mai masu iko biyu. Total na Faransa ya karɓe shi daga Khartum tun 1980, yaƙi ya hana shi aiki, amma bai saki takardarsa ba. A 2005 sai ga White Nile, ƙaramin kamfani daga Ingila, da takardar shugabannin Kudu a kan wani yanki na filin. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Naibasha, tsakanin Khartum da 'yan tawayen Kudu, ta ce tsofaffin kwangiloli na nan daram, kuma a 2007 aka tabbatar wa Total haƙƙinsa.

Da Kudu ta ɓalle a ranar 9 ga Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, bututu da tashar lodi suka rage a Arewa. Gardama kan kuɗin bututu ta sa gwamnatin Kudu da ke Juba rufe rijiyoyinta a Janairun 2012. A Arewa, raɗaɗin asarar kuɗin mai ya iso har gonakin Hausawa na Gadarif da Sinnar da Mai Wurno, inda tarakta da injin ban ruwa ba sa motsi sai da dizal. Janye tallafin mai da Khartum ta yi a Satumban 2013 kuwa ya jawo zanga-zangar da aka yi asarar rayuka da dama.

A yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, dakarun RSF, rundunar da ke yaƙar sojojin Sudan, sun riƙe matatar Jaili da CNPC ya gina a arewacin Khartum, har sojoji suka ƙwace ta a Janairun 2025, bayan gobara ta yi mata mummunar ɓarna.