Tafiyar ƙasa a kwarin kogunan Gashaka-Gumti: tambayoyi da amsoshi

Da yawa daga cikinmu in aka ce gandun daji, Yankari ce ke zo mana a rai: a shiga mota a zaga a ga giwaye, a dawo a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma akwai wani gandun a kan iyakarmu da Kamaru wanda mota ba ta iya nuna maka shi, sai ƙafarka. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar zuwa can zai so ya ji kafin ya ɗaura jaka.

Ina ne Gashaka-Gumti, kuma me ya sa ake maganar koguna?

Gandun daji ne na gwamnatin tarayya da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma babu wanda ya kai shi girma a Najeriya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti aka mai da su ɗaya. Ɓangaren arewa, wato Gumti, da ake shiga ta Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu kuwa tsaunuka ne da kwaruruka da kurmi, kuma a nan Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419.

Ruwan saman da ke sauka a kan waɗannan tsaunuka shi ke gangarowa ya zama kogunan Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Gamgam da ƙananan rafuka masu yawa, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Duk wanda zai yi tafiya a kudancin gandun, ko dai yana bin gefen kogi, ko yana tsallake shi, ko yana hawa tudu don ya sauka ga wani. Kogin ne ke faɗa maka inda za ka bi da inda za ka kwana da ranar da za ka haƙura ka zauna. Wanda ya gane wannan tun daga gida ya rage wa kansa rabin wahala.

Ta ina ake shiga?

Daga Jalingo a bi hanyar Bali zuwa Serti, hanyar da ke wucewa Gembu a kan tsaunin Mambila. A Serti ofishin gandun yake, nan ake karɓar izini, a biya kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandu. Daga nan sai ƙauyen Gashaka, inda yawancin tafiye-tafiyen ƙasa ke farawa.

Dole ne sai da ma'aikacin gandu? Ni fa ɗan ƙauye ne, na san daji.

Dole ne, kuma ko da doka ba ta ce ba, hankali ya ce. Sanin dajin Zamfara ko na Damagaram ba ya nuna maka mashigin Mayo Kam. Ma'aikacin ya san inda dorina ke kwana, ya san wane mashigi ne ya zurfafa bayan daminar bana, ya san inda aka ga sawun maharba a makon jiya. Yawancinsu 'yan yankin ne, suna jin Hausa da Fulatanci, kuma su ne za su yi maka iso in kun biyo ta rugagen Fulanin da ke zaune a kan tsaunuka cikin gandun, irin su Selbe da Chappal Hendu, waɗanda aka bar musu wuraren kiwo tun lokacin da aka shata iyaka.

In ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce yau ba a tsallakewa, kada ka tsaya ja-in-ja don ka biya kuɗi kana kuma da ranar komawa aiki. Aikin waɗannan mutane ba ƙarami ba ne, akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun masu sare itace da maharba. Abin da ya kamace su daga baƙo shi ne biyayya da ihsani.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Rani, daga Disamba zuwa Maris. Damina a nan doguwa ce, tana kamawa tun wajen Afrilu har Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a wajen Kwano, wani wuri cikin kurmin kudancin gandun, ya kusa milimita 2,000 a shekara, kimanin ninki biyu na abin da Kano ke samu. A lokacin koguna kan cika su raba ƙauyuka da juna. A Disamba da Janairu akwai hazo mai rufe tsaunuka, da sanyin dare mai ratsa ƙashi in ka hau sama. A Maris kuma kwari ya yi zafi, amma ruwa ya ja baya, dabbobi sun matso bakin kogi.

Yaya ake tsallake kogi da kaya a baya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin ruwa ya fi namun daji haɗari ga matafiyi.

Da farko a dubi launin ruwan. Da rani kogunan nan garau suke, kana hangen duwatsun ƙasa. In ka ga ruwa ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karare, to an yi ruwan sama a kan tsauni ko da kai ba ka ga gajimare ba, kuma yana iya ƙaruwa cikin ɗan lokaci. Irin wannan ruwa jiransa ake yi. Kogin dutse yana saurin cika, yana kuma saurin sauka.

Sai zaɓen wuri. Inda kogi ya yi faɗi ya baje, nan ne mashigi. Inda ya tsuke tsakanin duwatsu yana da zurfi da ƙarfi, haka ma gefen waje na lanƙwasa. A duba abin da ke ƙasa da mashigin: in akwai gangara ko itacen da ya faɗi cikin ruwa, a nemi wani wuri, domin wanda ya zame can ruwa zai kai shi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ya isa ya kayar da ƙato.

Kada a cire takalmi. Duwatsun suna da santsi da kaifi, kuma yanka a tafin ƙafa a rana ta biyu yana iya kawo ƙarshen tafiya. A kwance igiyar jaka ta ƙugu da ta ƙirji, don in an faɗi a iya yar da ita. A riƙe sanda mai ƙwari, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a riƙa matsawa gefe-gefe, ba a ɗaga ƙafa sai sanda ta kafu. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, sauran suna kallonsa.

Batun kwana ma na nan. Yashin bakin kogi yana da laushi da daɗin shimfiɗa, shi ya sa baƙi ke sonsa. Amma hanyar ruwa ce, kuma hanyar dorina ce. A hau tudu a kafa tanti.

Dorina da kada fa?

Suna nan, musamman a gurabe masu zurfi na Mayo Kam, inda akwai wani gurbi da aka sani da dorinai, ana kai baƙi su gan su daga nesa. Dorina ciyawa take ci, tana fitowa kiwo da dare ta koma ruwa da asuba, kuma tana da turbarta da take bi kullum. Babban kuskure shi ne mutum ya shiga tsakaninta da ruwa, domin in ta firgita ruwa za ta nufa, kuma duk nauyinta ta fi mutum gudu. Saboda haka ba a yawo a bakin gurbi da sassafe ko da magariba.

Wannan ya shafi alwala. Kada a tsuguna a bakin ruwa mai zurfi mai duhu a ce za a yi alwalar asuba a nan. A ɗebi ruwa a buta tun da rana a inda ma'aikaci ya nuna, a ja da baya. Wanka ma sai inda ruwa ke gudu bai da zurfi, kana ganin ƙasansa.

Me mutum zai gani?

Gaskiya, a kurmi ji ya fi gani yawa. Wanda ya zo da tsammanin garken giwaye a fili kamar na talabijin zai koma da ɓacin rai. Abin da ke nan ya fi haka wuyar samu. Gashaka na cikin manyan mafakar da ta rage wa irin birin nan mai kama da mutum da ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ƙarar ta ratsa kurmi. Da wuya ka gan shi ido da ido, amma za ka iya ganin sheƙar da ya saƙa da rassa a saman itace ya kwana, ko tsinkayen da ya gyara ya zura a rami don ɗebo zuma ko kwarkwasa. Tun shekarar 2000 masana daga wata jami'ar Landan, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansanin bincike a Kwano saboda shi. A dajin nan ne kuma aka gano, a binciken da ya fito a 2006, cewa wani biri mai farin hanci yana haɗa kuka iri biyu ya ba da wata ma'ana dabam, wato a tashi a yi gaba.

Gogo kam za ka gan su har ka gaji, kuma su ne ɓarayin sansani, kada a bar abinci a buɗe. Akwai ɓauna da mazo da gada da gwambaza, da gwanki a ɓangaren fili. Damisa tana nan, sai dai sawunta. Tsuntsaye sun haura iri 500. A cikin ruwa akwai giwan ruwa da tsage.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne sauyin daji cikin tafiyar yini guda. Ka taso daga dajin maje da kawo da kirya cikin rana mai ƙuna, ka gangara kwari sai ka shiga inuwa mai sanyi, dogayen itatuwa sun haɗe kai a sama, tukurwa a bakin rafi. Ka haura kuma sai ciyawa zalla da iska da shanu. A kan tudun da ke kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan ganuwar dutse ta sojojin Jamus, tun zamanin da yankin ke cikin Kamarun Jamus, kafin ya koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na ɗaya, sannan ya shigo Najeriya da ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

Wane kaya ake ɗauka?

Takalmi mai rufe idon sawu wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba. Doguwar riga da dogon wando masu launin ƙasa, domin ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi. Gidan sauro, tocila, rigar sanyi, leda mai kauri don waya da takardu. Abinci marar nauyi: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa. Ana samun 'yan dako a ƙauye, a yi ciniki da su tun kafin a tashi. Kada a dogara da waya, yawancin kwaruruka babu sabis.

Ruwan kogin yana shawuwa? Wace cuta ake tsoro?

Ko ya yi garau, a tafasa shi ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa, domin akwai shanu da mutane a sama. Mai tafiya cikin zafi yana bukatar lita 3 zuwa 4 a yini, a kuma riƙe garin gishiri da sukari saboda gudawa. Zazzaɓin cizon sauro na nan. Akwai wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana, shi ke yaɗa cutar da ke makantar da mazauna bakin kogi, kuma kwarin Taraba ya daɗe yana fama da ita. Cizo mai yawa na tsawon lokaci ne ke kawo ta, amma rufe jiki ya fi. Ruwan da ke kwance kusa da ƙauye kuma a guje shi saboda tsargiya.

Maciji in ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti. A kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama.

Ina ruwan wanda ba zai taɓa zuwa ba da wannan daji?

Ruwansa ne a zahiri. Kurmin da ke kan tsaunukan nan yana riƙe ruwan damina kamar soso, yana sakinsa a hankali, shi ya sa kogunan ba sa ƙafewa da rani. Masunci da mai noman rani a bakin Taraba da Binuwai suna cin moriyarsa ko ba su taɓa jin sunan Kwano ba. In aka sare itatuwan, ruwan zai sauko gaba ɗaya da damina ya yi ambaliya, da rani kuma a ga yashi.

Barazanar kuma ba tatsuniya ba ce. A shekarun baya an yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, sara na rashin imani a Taraba ana kai ta Sin, har ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Ga haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ga farauta, ga wutar daji. A 2017 ɗin ne hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors, aka ƙara ɗaukar ma'aikata daga ƙauyukan yankin aka horar da su. Kuɗin shiga da ladan ɗan dako da cinikin mai shago a Serti suna cikin abin da ke sa mutanen wurin su ga daji a tsaye ya fi musu amfani. Nasa kason kuma, baƙo ya fito da ledarsa da gwangwaninsa, ya kashe wutar girki da ruwa, ya yi bayan gida nesa da rafi ya binne.

Batun tsaro fa?

A kira ofishin gandun a Serti kafin a baro gida, a tambayi halin hanya da na ɓangaren da ake son zuwa, domin lamarin yana sauyawa daga wata zuwa wata. A yi tafiyar mota da rana, a kwana a Jalingo ko Bali in dare zai yi. A bar wa wani a gida sunan hanyar da za a bi da ranar fitowa, a kuma ƙara kwana ɗaya ko biyu a lissafi saboda ranar da kogi zai hana wucewa.