Karatun Rukuni a Ajin Ingilishi

Karatun rukuni dabara ce ta koyarwa inda ake raba ɗalibai huɗu-huɗu ko biyar-biyar su karanta rubutu guda suna taimakon juna, maimakon mushe, wato malami, ya tsaya gaban tablo shi kaɗai yana ta karatu yara na kallonshi. A Nijar sai yaro ya shiga siziyam a kwaleji yake fara Ingilishi, kenan ga ɗan Maraɗi harshe na ukku ne bayan Hausar gida da Faransancin lakwal, ga aji cike maƙil ga littattafai ba su isa ba, shi ya sa dabarar take da amfani nan sosai.

Dabarar iri-iri ce. Mafi sauƙi shi ne karatun amshi, malami ya karanta jimla aji ya maimaita, kamar yadda ake biya wa almajirai a makarantar allo. Yana gyara lafazi yana cire kunya, amma fa wanda bai gane komi ba zai iya ɓoyewa cikin hayaniya yana motsa baki kawai.

Akwai wadda ake kira jigso, wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya ɓullo da ita a 1971 a garin Ostin na jihar Tekzas a Amurka. Ana yanka labari gida-gida, kowane yaro a ba shi nashi yanki, masu yanki iri ɗaya su haɗu su fahimce shi sannan kowa ya koma rukuninshi ya bayyana. In wata ɗaliba, a ce Ladi, ba ta faɗi nata ba labarin ba ya haɗuwa, dole a saurare ta.

Wadda ta fi ƙarfi a ganina ita ce koyar da juna, wadda masu bincike kan koyarwa Annemarie Palincsar da Ann Brown suka fito da ita a 1984. Aiki huɗu ne: ɗaya ya yi hasashen abin da zai zo, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya warware kalmomi masu wuya, ɗaya ya taƙaita, sai a yi musanya a sakin layi na gaba. Da farko malami ne zai gwada masu, sannu a hankali ya sakar masu.

Matsalar da aka fi gani, yaro guda mai ƙoƙari ya kwashe aikin duka, musamman wanda ya saba jin Ingilishi wajen ƴan uwa a Katsina ko Kano. Maganinta malami ya riƙa zagayawa tsakanin tebura, kuma shi zai zaɓi wanda zai yi bayani, ba rukunin ba. In yara sun tattauna da Hausa kada a hana su, amma taƙaitawar ƙarshe da Ingilishi za a yi ta.