Mota ta zama kwandam, kamfanin inshora ya yi tayi: kar a yi saurin sa hannu

Abu na farko da ya kamata mu gane, in inshorar ɓangare na uku ce da kai, wato wadda ake yanka saboda 'yan sanda, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, ta mayar naira 15,000 tun Janairun 2023, to ba za ta biya ka motarka ba, na wanda ka buge take biya, har zuwa miliyan 3 na dukiya. In kai aka buge kuwa to inshorar wancan direban za ka bi. Mai cikakkiyar inshora, wato wadda ta haɗa har da motarsa, shi ne ke zama da kamfaninsa a yi ciniki.

Su kamfani in injiniyansu ya duba ya ga kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar sai su ce ta tashi aiki, biya za su yi. Ƙa'idar ita ce su mayar da kai yadda kake kafin hatsarin, ba riba ba asara, don haka darajar motar a kasuwa ranar da abin ya faru suke dubawa, kuma ba sa wuce adadin da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Nan ne mutane ke cutuwa wlh. Tunda naira ta faɗi a 2023 farashin 'yar Kwatano ya yi sama sosai, amma mutum sai ya ci gaba da sabunta inshora a tsohon farashi, misali mota ta kai miliyan 9 shi kuma miliyan 5 ce a rubuce, to 5 ɗin nan ce iyakarsa, a ciki ma za a cire kason da aka ce shi zai ɗauka.

Tayinsu na farko fa ba hukunci ba ne. Ka ce su ba ka lissafin a rubuce, yaya aka yi suka kai wannan kuɗin, nawa suka zaftare na tsufa. Kai ma ka zagaya wajen dillalai ka samo farashin irin motarka sak, shekara ɗaya, tafiyar da ta yi kusan ɗaya, ka haɗa da rasit na sabon inji ko tayoyi in ka canja, da rahoton 'yan sanda da hotuna. Makanikenka ma ya rubuta nasa kiyasin.

Gawar motar in sun biya ta zama tasu, amma kana iya cewa a bar maka ita a cire kuɗinta, wani lokacin hakan ya fi.

Sai takardar sallama da za su miƙo maka, wannan ita ce mai haɗari, kana sa hannu ka yarda kenan an gama da kai. Don Allah a karanta ta da kyau. In sun ƙi motsi ko suna ta jan ƙafa, ka rubuta musu ƙorafi ka riƙe kwafi, sannan ka kai ofishin karɓar ƙorafi na NAICOM, in ma takaful ka yi, wato inshorar Musulunci, hukumar dai ɗaya ce, kotu kuma tana nan in duk an gaza.